Takalmi Guda a Kapon Motar Kawu Ila

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ila daga Konni zuwa Malbaza ya san halinsa. Za a shigo tasha, fasinja su sauka, a kwance buhuna da awaki daga bisa, amma shi yana nan zaune, hannu a kan sitiyari, inji na ta gunaguni. Ko wa ya yi masa magana amsar guda ce: "Bari ta huce." Har sunan ya bi shi, yara suna ganinsa su ce ga Bari-ta-huce nan tafe.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ranar Lahadin da ta wuce motar nan ta so ta tashi da matarsa, Inna Ladi, a bakin hanyar Tsarnawa, a gaban idona. Tun ranar ko babur ya yi ƙara sai na zabura. In na rufe ido hayaƙi nake gani, shi ya sa na ce gara in tuna mai motar in yi dariya.

Kawu Ila wan mahaifiyata ne, kuma shi ke ɗauko ni daga lakwal, wato makaranta, in hanya ta biyo da shi. Motar doguwa ce, tsohuwa, mai shan gazwal, wato man dizal, ta gama aure a Turai kafin ta zo gidansa. Yakan yi mata kirari kamar wata sarauniya: mai silinda huɗu, mai giya biyar, mai turbo. Turbon nan kuwa shi ne ɗan lelen gidan. Ya ce wata 'yar farfela ce da hayaƙi ke juyawa, ita kuma ta cusa wa inji iska, ta yi zafi har ta yi ja, man inji ne kawai ke sanyaya ta. Ka kashe mota daga gudu, mai ya tsaya, ta soyu a tsaye.

Kun tuna ranar da sabon jandarma ya tsai da shi a shinge ya ce ya kashe mota? Kawu ya miƙa takardu da ladabi, ya gaishe shi har da tambayar iyali, amma inji na tafiya. Jandarma ya maimaita. Kawu ya ce, "Shef, kai in anka koro ka da gudu tun daga Malbaza, ka so a ce ka kwanta ba ka sha ruwa ba?" Mutumin ya tsaya rana na dukansa har Kawu ya ga dama ya murɗa makulli. Daga ranar in ya hango motar sai ya ɗaga sanda tun daga nesa, wai ba shi da lokacin jiran turbo.

Haka Kawu ya yi ta rasa raka'ar farko a masallacin tasha. Liman ya yi masa tsiya, ya ce Malam Ila, mota ce gaba ko salla? Kawu ya ce salla ce gaba mana, amma Allah Mai haƙuri ne, turbo kuwa ba ta gaji haƙuri ba.

Maƙo kuwa, sai dai a yi shiru. Riga guda ya yi shekaru da ita, har wuyanta ya koma kamar bakin tsohon buhu. Amma man inji bai taɓa barin ya yi baƙi ƙirin ba, yana fara kauri zai juye ya zuba sabo. In an ce ya ɗinka riga sai ya ce riga ba ta taɓa kai shi Dogarawa ba. Tsohon man ma ba ya zubarwa, ƙafafun rumbu yake shafawa don gara, sauran ya shafa wa jaki a miki.

Gazwal na bakin hanya, wanda ake sayarwa a bido, wato jarka, ba ya zuba shi kai tsaye. Sai ya shinshina, ya murza a yatsa, ya bar shi ya kwanta, sannan ya tace da ƙyalle, wai ruwa da ƙasa su ke kashe famfon mai. Wata safiya ya nemi ƙyallensa bai gani ba, ya ga sabon kallabin Inna Ladi a kan igiya, wanda ta ajiye don sunan jikarta a Ilela. Ya tace bido biyu da shi, ya yarfe, ya mayar inda yake. Inna ta wanke ta sake wankewa, ta turara, a banza. Da ta dawo suna tana ta masifa, ta ce mata sun yi ta matsawa daga tabarmarta. Kawu ya ce, "To, sauro ya cije ki can?" Ta ce a'a. Ya ce, "Kin gani."

Ni aikina leƙen hayaƙi ne. Da safe zai murɗa makulli rabi, ya jira 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta mutu, wai ba a shiga ɗakin tsohuwa ba sallama. In ta tashi sai ya ce, "Rakiya, mi ta ce?" Ni kuma daga baya in faɗi launi. Baƙi, ta ƙoshi da gazwal iska bai ishe ta ba. Fari, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Shuɗi shi ne ba ya so ya ji, don shi ke nuna ta fara shan man jikinta.

Sai maganar takalmi. A cikin kapo, wato ƙarƙashin murfin inji, kusa da babban tiyon da ke kai iska, akwai takalmin roba ƙafa guda, irin na taya, ɗaure da igiya. Kun san yadda direbobinmu ke rataya tsohon takalmi don kambun baka, to kowa ya ɗauka shi ne. Inna ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wani malami mai wa'azi har gida ya zo, ya ce a cire, shirka ce. Kawu ya ce masa ba laya ba ne, kayan aiki ne. Ya ce akwai ranar da turbo ke yoyon mai cikin iska, inji ya kama cin man jikinsa, ka zare makulli ka sa aljihu ba zai tsaya ba, sai ya yi ta gudu har ya tarwatse. Maganin kawai a shaƙe shi, a toshe masa hanyar iska da takalmin. Malam ya yi murmushi ya ce ko ƙarya ma a yi mata fasali, motar da aka cire wa makulli ta yi gudu? Mu ma muka yi dariya. Ni Kawu ya taɓa kama hannuna ya nuna mini yadda ya bar maɗaurin tiyon da sako-sako don a iya fizgewa. Na ce to Kawu, raina yana wajen ƙosai.

Da ya rasu bara bayan girbi, mota ta koma hannun ɗansa Habu, taubashina. Ita ce tuwon gidan, ba su da wata. Habu direba ne, ba laifi, sai dai jininsa a kan akaifa yake. Yana tsayawa zai kashe ya fice shan shayi. Na fara ganin shuɗi a bayanta, na ce masa bawana, tsohuwa fa ta fara shan kanta. Ya ce 'yar lakwal, je ki ki duba hayaƙin murhu. Ya so ya yanke takalmin ma, wai yana jin kunya a garaj. Inna ta ce in ya taɓa layar ubansa ba ta yafe nono ba.

Ranar Lahadi da rana tsaka muna dawowa daga Malbaza. Dab da Tsarnawa inji ya ɗauki wani kuka da ban taɓa ji ba, yana hawa yana hawa. Habu ya ɗage ƙafa, bai ragu ba. Ya sauka gefen hanya, ya sa babbar giya ya taka birki don ya kashe ta, sai warin ƙuna, ta ƙi. Ya zare makulli ya ɗaga shi sama yana nuna mana, kamar mu ne za mu yi masa bayani. Hayaƙi ya rufe hanya. Fasinja suka watse cikin gonar dawa, wani da kaza a hammata.

Inna na can baya. Ƙofar wajenta ta cije, gwiwoyinta kuma ciwo suke, ba ta iya tsallake kujera. Habu na ta jan ƙofa yana kiran Inna, Inna, ita kuwa salati kawai take. Motar na karkarwa kamar za ta rabu biyu.

Ban san yadda na isa gaba ba. Na ja wayar buɗe kapo, na ɗaga shi, zafi ya mare ni. Ina kuka na fizge tiyon, ya fita ba gardama, kamar yadda Kawu ya bar shi. Na ɗauki takalmin na kifa a bakin ramin da inji ke shaƙar iska. Iska ta fizge shi daga hannuna ta manne shi. Inji ya yi tari, ya yi gurnani, ya sake tari, sai tsit.

Sai kukan kazar nan kawai ake ji daga cikin dawa.

Da aka ɓalle ƙofa aka fito da Inna, ta gyara lulluɓinta, ta zagayo ta leƙa kapo, ta ga takalmi manne. Ta juya ta dubi Habu ta ce, "To, ɗan nema. Da ka yanke layar fa?"

Na so in ce mata ba laya ba ne, sai na fasa. Na zube a bakin kwalta, yatsuna biyu sun tashi saboda ƙuna. Mutane suka taru a kaina, wannan na cewa a ba ni ruwa, wancan na cewa in tashi in ba da labari. Habu ya tsuguna kusa da ni, makullin har yanzu a hannunsa, ya ce da su a hankali, "Ku bari ta huce." A nan ne na fashe da kuka na gaske.

Mai gyara ya ce turbo ta tafi, amma inji ya tsira, tuwon gidan bai kife ba. Habu ya sayo sabuwar igiya ya ɗaure takalmin da kansa.

Kawu, ka yi ta faɗa muna dariya, ba ka taɓa fushi ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka raka'o'in da ka makara da kallabin Inna. Kai da ba ka taɓa tafiya ka bar abu cikin zafi ba, Allah Ya sanyaya maka makwanci. Amin.