Teburin Uwar Duhu

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Uwar Duhu, sunan kuma ya bi ta har gida, don jikokinta ma da shi suke tsokanarta. Malamar kimiyyar haske ce a jami'a, ta yi furfura a wani ɗaki marar taga, tana auna hasken da ya yi wa ido ƙanƙanta. A tsakiyar ɗakin akwai teburin siminti. Mahaifinta magini ne, shi ya zuba shi haɗe da daɓen ɗakin a shekarar da ta kama aiki, bayan ta yi masa kukan teburin katako yana rawa. Shatin babban yatsansa yana nan a gefe, shi kuwa ya daɗe da rasuwa.

Ana nan sai aka naɗa sabon shugaban sashe, tsohon abokin karatunta, wanda ake kira Mai Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ya ƙyalla ido ya ga ɗakinta ya fi kowanne faɗi da sanyi.

"Malama, zamanin zaman duhu ya wuce," in ji shi a taron malamai. "Za a saya miki na'urar datse haske, ki yi aikinki ko a bakin titi."

Aka kwashe da dariya. Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Na'urar faifai ce mai tsage-tsage, tana juyawa kamar fanka tana katse hasken gwaji, ta haka ma'auni ke bambanta shi da hasken ɗaki. Mai Turare ya mai da ɗakin ofis, ya fasa bango ya yi taga, ya shimfiɗa kafet, ya lulluɓe teburin da leda mai furanni yana shan shayi a kai. Ita kuma aka tura ta wani ɗan akurkin ɗaki a ƙetaren tsakar gida. Ta ƙullace shi, ƙullata ta gaske.

Da wata gidauniya ta yarda za ta saya wa sashen na'urar, bisa sharaɗin wakilanta za su zo su gan ta tana aiki, sai aka ce Malama ta zaɓa. Ta san mutuminta tun suna aji ɗaya. Ta jira sai da ofishinsa ya cika da jama'a, sannan ta shiga da hotunan na'urori biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙaramar ta ishe mu. Babbar gudu ne da ita, tana son teburi mai nauyi. Ai ba ta irinmu ba ce, ta manyan jami'o'i ce."

Maganar teburi ta bi iska. Ta ƙarshen ce ta tsaya masa a wuya.

"Wa ya ce miki mu ƙanana ne? Babbar za a saya!"

"Yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Babbar ta iso. Aka ɗora ta a teburin katako aka kunna, teburin ya kama ɓari, maduban gwaji suka goce, allurar ma'auni ta hau tsalle. Aka sa duwatsu, aka ɗaure ƙafafu, a banza. A zuba sabon teburin siminti? Ba zai bushe ba kafin baƙi su zo. A ɗauko tsohon? Sai dai a ɗauko ginin duka. Ido ya raina fata.

Da ƙafarsa ya tako. "Yaya," in ji shi, sunan da rabonsa da shi tun suna ɗalibai, "yaya za a yi?"

"Ai kai ne shugaba."

Kashegari ta tsaya tana kallo ana fitar da kafet daga tsohon ɗakinta. Ledar da hannunta ta yaye ta, ta sa yatsanta a shatin na mahaifinta, daɗi ya kama ta, ba ta kuma ji kunyar jin daɗin ba. A kan siminti na'urar ko gezau. Baƙi suka zo suka yaba, Mai Turare yana yaƙe, kayansa kuma suna can jibge a akurkin da ya ba ta.

Mai gyaran sashe ya tambaye ta ko a toshe tagar.

"A'a, bar ta. Shugaba ya ce zamanin duhu ya wuce."

Tagar tana kallon ƙofarsa. Kullum da safe takan buɗe ta, ta kunna babbar, ta ɗago masa hannu.