Dardumar da ta kalli yamma

Shekarun baya, keken ɗinki ya so ya karya mini baya. Likita ya ce ba ƙwaya nake buƙata ba, miƙe jiki ne, in nemi inda ake yoga. Ni da ko gudun akuya ban taɓa yi ba.

Wuri biyu na samu a Agadez. Ɗaya a wani otal ne can nesa, sai an hau moto, wato babur, kuma maza da mata a haɗe. Ɗayan a unguwarmu, gidan wata baiwar Allah da ta koyo abin a Yamai, mijinta yana Tchibarakaten wajen haƙar zinariya. Mata zalla, taku kaɗan daga ƙofarmu. Na zaɓi na kusa, har ina yabon kaina da wayo.

Mu shida ne a tsakar gidanta bayan la'asar. Tabarmar kaba tana cin gwiwa, sai ni, uwar dabara, na ce kowa ta zo da dardumar sallarta, ta fi laushi. Malamar ba ta so ba, na matsa mata har ta yarda. Muka shimfiɗa su muna fuskantar yamma, don nan katanga take ba da inuwa.

Wata maƙwabciya ta hau soro shanya, ta hango mata a kan darduma sun ba alƙibla baya, goshi a ƙasa. Kafin Juma'a, zance ya gama unguwa cewa matar mai zinariya ta kawo sabon addini, ana yi wa rana sujada.

Mahaifiyata ta kira ni, ga ƙannenta biyu zaune. Ta tambaye ni ko da ni a ciki. Na ce sau ɗaya na leƙa, abin bai kwanta mini ba. Alhali wata biyu na yi ina zuwa.

Aka daina amsa sallamar malamar, aka daina kai mata goron biki. Ranar da take ɗaure kaya za ta koma wajen danginta a Tchirozérine, ta aiko a kira ni. Na je a ɗarare. Ta miƙo mini dardumata a naɗe.

"Kin manta ta, yaya. Ban faɗa wa kowa shawarar wa ce ba, kada ki damu."

Da ma zagina ta yi.

Yau maƙwabciyar da ta hau soron tana miƙe ƙafa kowace safiya bisa umarnin likita, tana kiransa "sipor", wato motsa jiki, babu mai ce mata komai. Ina jin haushin unguwarmu har gobe, amma na fi jin haushin kaina. Su jahilci ne ya sa suka yi mata haka. Ni kuwa na san gaskiya sarai, ina zaune na yi shiru aka kore ta.