Ranar da Baffa Ya Tsaya Bayan Surukinsa

Har yau idan na tuna zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta masu lambu, raina ɓaci yake. A shekarar aka ce za a ba ƙungiya rijiya ɗaya mai sola, kuma shugaba ne zai nuna kwarin da za a haƙa ta. Kwarinmu, nan gabas da Gure, ya fi kowanne yawan masu lambu, ga ruwanmu ya soma ɗanɗanon kanwa. Shi ya sa yayana ya fito takara.

Da kawuna za a ƙirga, ko zama ba sai an yi ba. Amma tsari ya ce kowane kwari wakili ɗaya. Mu da ke cika kasuwa da albasa, murya ɗaya. Kwarin da ba kowa sai gida uku da awakinsu, shi ma murya ɗaya!

Na yi ta faɗa. Wani mushe, wato malamin makaranta, abokin yayana, ya ce, "Haba ƙanwata, ai kusan haka Amurka ke zaɓen shugaban ƙasa, don kada manya su danne ƙanana."

Na ce, "To mushe, idan ƙanana suka danne manya fa, shi ne adalcin?"

Dariya kawai ya yi.

Sai muka ƙara da tamu wautar. Da aka zo fid da wakili, aka ce ba a tsallake babba, aka tura Baffa, ƙanin mahaifinmu. Alhali kowa ya san 'yar abokin takarar yayana yake aure, kuma zaɓenmu a fili ake yi, wakili ya je ya tsaya bayan wanda yake so.

Uku suka tsaya bayan yayana, uku bayan wancan. Saura Baffa. Ya gyara rawani, ya sunkuyar da kai, ya wuce bayan surukinsa.

Da na tare shi a hanya, cewa ya yi, "'Yata, yaya zan juya wa surukina baya yana kallona?"

Wallahi maganar da ta zo bakina ba ta faɗuwa ga babba. Na haɗiye ta.

Aka haƙa rijiya a kwarin surukin Baffa. Rani biyu yayana yana fama, albasa na ƙonewa tun tana ƙarama, sannan ya bar mini 'ya'yansa ya tafi Agadas neman aiki. Baffa yakan tambaye ni ko ya bugo waya. Nakan ce yana lafiya, in tashi in ba shi wuri.