Ranar da Baba ya katse wa mai rediyo ƙirga

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar maigidana, wanda 'yan kasuwar Birnin Kebbi suka sani da Ɗanjuma Mai Rediyo. Ni dai Malam nake ce masa. Allah ya ji ƙansa.

Aikinsa naɗa waya ne. Zai ɗauki wayar tagulla siririya kamar gashi, ya naɗa ta a jikin ɗan baƙin ƙarfe, yana ƙirga zagaye. Ya ce yawan zagayen ne ke sa rediyo ya kamo tashar da ake so. Ya kan ce kuma in wuta tana juyawa da sauri sosai, taransifoma ba ya buƙatar girma, wata rana ma za a sa shi a aljihu. Dariya muke yi masa. Yau ga cajar waya a jakar kowace jikata. Da yana raye, na rantse sai ya fasa guda ya ƙirga naɗin cikinta, mai cajar na kuka.

Aibinsa ɗaya, in yana ƙirga ba ya amsa gaisuwa, sai dai ya ɗaga gira. Wannan hali ya kusa hana ni aurensa.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a firamare a Argungu, ya aiko neman aurena. Magulmata suka riga 'yan aiken isa wurin mahaifina, suka ce saurayin girman kai gare shi. Baba masunci ne, ba ya wasa da gaisuwa. Ya hau mota zuwa Birnin Kebbi bai gaya wa kowa ba sai mu 'yan gida, ya ce zai gani da idonsa. Ranar ko ruwa ban iya sha ba, don ina son mutumin nan ƙwarai.

Baba ya iske shi ya yi nisa a wani naɗi da ya faro tun hantsi. Ya yi sallama. Malam ya ɗago, ya ga ko wane ne, ya saki waya ya durƙusa. Aka gaisa har da tambayar ruwan gulbi. Da aka gama, sai Malam ya zauna ya fara warware naɗin gaba ɗaya.

"Kai yaro, mi yas sa kaka ɓata aikinka?" in ji Baba.

"Na mance wurin da nit tsaya, Baba."

"To ka kintata mana. Wa za shi gani?"

"Mai rediyon ba shi gani, amma ni na sani."

 Baba ya zauna kan benci har aka sake naɗin daga ɗaya, kuma duk wanda ya zo gaisuwa, shi ke amsa masa a madadin Malam.

Da ya dawo gida da la'asar, ina laɓe bayan ƙofa na ji yana ce wa Inna: "Wanda bai iya yi ma rediyo ƙarya ba, ba shi yi ma ɗiyata. A ba shi."

Shagon yanzu na masu sayar da albasa ne, rediyoyin da ya gyara duk sun mutu. Mun yi shekara ashirin da uku tare. Ya sha mance cefane, ya sha ƙona min tabarma da ƙarfen walda, mun yi faɗa ba adadi. Amma na bincika shekarun nan kaf ina neman rana ɗaya da zan ce Baba ya yi kuskure, har yau ban same ta ba.