Keken Baba da na ɓoye

Shekarun baya, da na gama jami'a na dawo gida Mayo Gwoi, na tarar da mahaifina da wani ciwo da na kasa gane kansa. Masallacin unguwarmu ba shi da nisa, amma sai ya tsaya sau biyu a hanya, ya dafa katanga ya sunkuya, ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an cika su da yashi. Amma kuma shi ɗin ne zai hau keke ya je gonarsa ta wajen Kona ya dawo lafiya lau.

Mahaifiyata ta ce wani abu ya taka a hanyar masallaci. Ƙanensa ya ce sanyi ne. Ni da ake ganin na yi karatu, na yi ta bincike a waya har na ruɗe: yau in ce suga ne, gobe in ce jini ne ba ya gudu. Aka gwada, duk babu. A ƙarshe na yanke cewa wataƙila, ban dai ce tabbas ba, sunkuyon keke ne ya lalata masa baya. Na kai keken gidan abokina na ɓoye, na sa Baba ya riƙa tafiya a miƙe kowace safiya.

Bai yi musu ba. "Kai ne ka yi boko," abin da ya ce ke nan. Cikin wata biyu ya daina zuwa gona, sannan ya daina fita jam'i. Idan aka tayar da salla sai ya juya fuska bango.

Da muka samu ganin likitan ƙashi, ya saurara, sai ya tambaya, "Baba, kana iya hawan keke?"

Baba ya dube ni. "Tambayi mai digiri."

Bayan an ɗauki hoton bayan, likita ya nuna mana. Ya ce hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙasan ƙashin baya ce ta tsuke saboda shekaru. In mutum ya miƙe sai ta ƙara matsewa, in ya sunkuya sai ta ɗan buɗe. Ya rubuta magani da atisaye, ya ce tiyata sai in abin ya ƙi, kuma in fitsari ya fara kuɓuce masa mu zo a ranar. Keke kuwa, ya ce ya ci gaba da hawa.

Na je na ɗauko shi, tayoyi duk sun sace, na turo shi ina jin kunya.

Har yau ban san ko wata biyun nan sun ƙara masa ciwon ba. Likita ya ce da wuya, ni dai ban gama yarda ba. Abin da na sani, Baba ya faɗa mini tun farko cewa a kan keke ba ya jin komai, ni ne na tafi tambayar waya.

Yanzu da keke yake zuwa masallaci. Duk sanda na je gida, sai ya kulle keken da kwaɗo a gabana.