Tsatsa da Bangon Matarsa

Tsatsa ake kiransa, don tun yana saurayi ba wanda ya taɓa ganin farcensa da haske. A masana'anta ya ƙare ƙuruciyarsa, yana murza hannun injin sassaƙar ƙarfe. Da aka rufe wurin, abokan aikinsa suka koma gida da ciwon baya, shi kuwa ya koma da injin. Ya cusa shi a ɗakin ajiya, bangon katako ne kawai tsakaninsa da ɗakin da matarsa take ɗinki.

Ta haƙura da ƙara, ta haƙura da ɓurɓushin ƙarfe a tafin ƙafa. Sai da hannunsa ya fara rawa sannan masifa ta sauka. Da mai hankali ne, da ya zauna ya huta. Shi sai ya ce kwamfuta ce za ta riƙa murza masa. Ya kwance hannayen injin ya jefa a kwali, ya ɗaura mota, wato ɗan injin lantarki mai juyawa, a gurbin kowanne, ya jawo wayoyi kamar hanjin akuya zuwa tsohuwar kwamfutar 'yarsu.

Mota ba ta gajiya, don haka ƙarfe ya riƙa ɗaukar zafi. Sai ya haɗa famfo da tiyo yana fesa wani farin ruwa mai maiƙo, ruwan ya gangara bokiti ya sake zagayowa. Bai taɓa canza shi ba. Ya yi kumfa, ya yi yauƙi, ya koma warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin kuma ya kama yadin mutane. Wata mai kawo ɗinki ta shinshina rigarta ta ce, "Mama, mushe kika naɗe da ita?" Daga ranar ba ta dawo ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Matarsa ta ce, "Malam, ruwan nan ya mutu. Ka zubar da shi."

"Ke me kika sani? Yanzu ma ya nuna."

"Ya nuna? Miya ce?"

Aiki ɗaya ya rage mata, fararen rigunan wata makaranta, ta goge ta jera a jikin bango. Ran nan ne ya tashi gwajin sassaƙa wani dogon ƙarfe. Akwai ɗan makunni da ake sa wa irin wannan inji don teburinsa, wanda ke kai da kawo da ƙarfen, ya tsaya in ya kai ƙarshe. Tsatsa bai sa ba, wai shi bai taɓa barin tebur ya wuce iyaka ba. Ya danna kwamfuta, tebur ya kama tafiya. Da ya ga abin ya yi nisa, ya kai hannu zai murza baya kamar yadda ya saba, ya damƙi iska.

Tebur ya fasa katako ya leƙo ɗakinta, tiyo na biye da shi yana amai. Ruwan ya wanke rigunan, ya sauka a cinyarta, da ɗuminsa. Ta tsaya tana kallon yauƙin yana ɗiga daga kwalar riga.

Can sai ga fuskarsa a ramin, yana washe baki.

"Kin gani? Ko gezau bai yi ba! In kika ɗan matsar da kekenki, sai in bar ramin haka, dama teburin yana son fili."

Ta matsar kuwa. Ta kira mai baro, aka ɗora keken da sauran yadin da ya tsira, aka kai shagon ƙanwarta. Can take ɗinki har yau. Shi yana nan da ɗaki biyu, da ƙudajensa.