Ba Littafin Dujal Ne Ya Kashe Yaya Sa'a Ba

Idan Allah Ya kai mu tsakiyar daminar bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Sa'adatu, wadda duk garinmu Tarai, a ƙasar Kibiya, ake ce wa Yaya Sa'a, har da waɗanda suka girme ta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dama kunu in raba wa yaran unguwa ba, in yi mata addu'a, in share hawayena in ci gaba da sha'anina. Ban taɓa zaton zan rubuto wa jarida ba, don a aji huɗu na firamare na tsaya. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Maigidana direba ne, yana jan motar haya tsakanin Rano da Kano. Shi yake shigo mana da wannan jarida, ya karanta mini idan ya dawo da wuri. Tun da aka sake buga littafin nan na ƙarshen zamani, mai baƙin bango, wanda yake ba da labarin wani ɗan kasuwa da ke gudu da iyalinsa daga mabiya Dujal, shafin masu karatu bai huta ba. Wannan ya ce a tattara a ƙona, don an cuɗa hadisi da tatsuniya. Wancan ya ce tun da ya karanta bai sake rasa jam'in asuba ba. Wani ya ce fim ne aka sato aka naɗa masa rawani. Wani kuma ya rantse duk alamomin da ke ciki sun bayyana, har wayar da ke aljihunsa yake zargi, ko da yake bai ce mana ya jefar da ita ba. Duk wannan bai dame ni ba, kowa da bakinsa. Sai makon da wani bawan Allah ya rubuto yana jan kunne, ya ce shi ya sani sarai, akwai wata mata a ƙasar Kibiya da take karanta wa mata littafin, tana isa inda Dujal ya bayyana sai ta yanke jiki ta faɗi, ba ta sake shurawa ba.

Maigidana ya naɗe jaridar. Malam mai wasiƙa, matar nan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina gindinta duk ranar da ta buɗe littafin nan, kuma a cinyata kanta yake lokacin da ta cika. To bari in gaya maka abin da na gani, tunda gani ya kori ji.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ce. Ina 'yar budurwa, ina zaune a gidanta ina taya ta aiki saboda tana da tsohon ciki. Lokacin gari ya cika da magana: ga murnar shari'a, ga sojoji sun sauka an koma mulkin zaɓe, ga shekarar Bature ta cika dubu biyu ana ta raɗe-raɗin duniya ta zo gangara. A cikin wannan hali mijinta ya karɓo mata littafin daga mai ba da haya a kasuwar Rano, na ɗaya da na biyu da na uku. A duk matan layinmu ita kaɗai take karanta boko ba gargada.

Ya faɗo daidai da ɓarar iri. Wanda bai tashi a ƙauye ba sai na yi masa bayani. Gyaɗar da za a shuka ba a sussuka ta a turmi, ba a kai ta inji, don idan jar fatar nan ta goge ƙwayar ba za ta tsiro ba. Da hannu ake ɓare ta, ɗaya bayan ɗaya, gab da faɗuwar ruwa, a ware mai kyau a faifai, a zubar da motsattsa. Aiki ne mai cin yatsa da sa gyangyaɗi. Shi ya sa mata suke haɗuwa gida ɗaya da hantsi, kowace da ƙwaryarta. A shekarar nan a tsakar gidan Yaya aka haɗu, a inuwar darbejiya, muna ɓara tana karantawa.

Ba zan yi ƙarya ba, littafin yana da tayar da tsikar jiki. Ranar da aka zo wurin da sama ta riƙe ruwanta shekara uku, gonaki suka zama fako, mai labarin, wato ɗan kasuwar nan, yana kallon 'ya'yansa suna lasar ƙasa, babu hannun da bai tsaya ba. Muka watse jiki a sanyaye. Washegari sai ga ƙanwar babanmu, Gwaggo Laure, ta shigo ba ƙwarya, bakin zaninta a ƙulle, tana ta tauna. Ashe irin da ta ɓara jiya kaf ta zuba a kasko ta soye.

Yaya ta ce, "Gwaggo, me nake ji yana ƙamshi haka?"

Ta ce, "Iri ne, 'yar nan. In dai sama za ta yi shekara uku ba ɗigo, gara ya shiga cikina da ya shiga ƙasa."

"To in aka yi ruwa jibi fa, Gwaggo? Ƙuli-ƙuli za ki shuka?"

Mata suka fashe da dariya, har da masu faɗuwa a tabarma. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafin, ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa ta tura shi ƙarƙashi. Aka yi ta roƙo, ta ce ita ba za ta zama sanadin da gonar wani za ta kwana ba shuka ba. Sai da kowace ta ɗebi ɗan abin da ta ɗiba daga nata aka haɗa wa Gwaggo wani irin, sannan ta fito da shi, da sharaɗi. Ta ce, "Hannu na ɓara, kunne na saurare. Duk wadda hannunta ya tsaya, bakina ya tsaya." Haka kuwa aka yi. Ana tsakiyar gudun tsira, an biyo mai labarin da takubba, sai ka ji ta yi ɗif. Kowa ya waiga ya nemi mai laifi, a yi mata caa, ta zabura ta ci gaba da ɓara. Ban taɓa ganin shekarar da aka gama iri da wuri kamar wannan ba.

Tana da wata ɗabi'a kuma, wadda ban ga ko ɗaya daga cikin masu gardamar nan ya ambaci irinta ba. Idan ta zo wurin da aka kawo hadisi, sai ta gyara zama ta yi salati, ta sassauta murya. Idan an koma labari sai ta ce, "To, nan kuma marubuci ne yake tuƙa tuwonsa, kar wata ta je ta ce malam ya faɗa." Abin da ya shige mata duhu ba ta yanke hukunci, sai ta riƙe shi ta kai wa malamin islamiyyarsu, ta dawo mana da amsa. A bakinta na fara jin cewa ko mutum ya ga alkiyama za ta tsaya, in akwai dashe a hannunsa, an hore shi ya dasa.

Ta sauke littafin nan duka ukun, ba sau ɗaya ba, ta wuce wurin Dujal lafiya lau har tana kwaikwayon muryarsa. An mayar wa mai haya da kayansa tun kafin a yi shuka. Sai da gyaɗa ta rufe ƙasa naƙuda ta zo mata. Ta haihu a gida, ɗan bai zo da rai ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. An kwana ana ruwa, hanya ta jiƙe, kafin a samo motar da ta yarda ta shigo rana ta take. Muna hanyar asibiti, muna hango duwatsun Rano ta cika. Jini ne da hanya da ajali, Malam. Amma wannan ba labari ba ne mai daɗin bayarwa a majalisa, ko? Babu mai tsayawa ya saurari zancen hanya. Sai aka ɗauki mutuwarta aka liƙa wa littafi, don labarin ya yi armashi.

Da a jarida kawai abin ya tsaya, da na haɗiye. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ni wannan ta yi 'ya'ya a cikin ɗakina. Babbar 'yata sunan Yaya ta ci, muna ce mata Sa'a ƙarama, shekararta takwas. Yanzu littafin ba sai an iya karatu ba. An ɗauke shi da murya an zuba a wayoyi, wani ƙato yana karantawa da kakkausar murya, an sa masa kukan iska da tsawa a baya, ba ya tsayawa ko numfashi, ba ruwansa da wanda ke saurare. A maƙwabta ta ji shi. A can kuma wata mai dogon baki ta ce mata, "Ke da takwararki littafin nan ya kashe, har kike zama kina ji?"

Yarinyar nan ta canza a idona. Ta rage cin abinci. Idan hadari ya haɗu ya watse sai ta shiga ɗaki ta rufe kanta da zani. Da safe tana leƙa gabas ta tabbatar daga can rana ta fito. Na kai ta an yi mata tofi, babanta ya yi lallashi ya yi faɗa. Sai ranar da aka aiko mini da buhun iri daga Tarai, kamar yadda ake yi duk bazara saboda 'yar gonar da muke nomawa a bayan gari. Na shimfiɗa tabarma na ce ta zo mu ɓara. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Umma, wa zai ci? Ai ba za mu kai ba."

Gwaggo Laure ce ta dawo mini sak, amma wannan karon babu abin dariya.

Na yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Na san ba za ta goyi bayan masu ƙonawa ba, don tana son labari kamar ranta. Ba kuma za ta bi masu cewa kowane gida ya mallaka ba tare da an tambayi wa zai karanta wa wa ba. Ina jin da ta saurari wayar nan kaɗan, sai ta ce, "Wannan mai karatun ba shi da ido ne? Bai ga yarinya ta daina motsi ba?" Abin da yake ƙona mini rai ke nan da ku masu rubuto ra'ayi. Kun auna marubuci, kun auna malamai, kun auna junanku. Babu wanda ya waiwayi tabarmar da ake zaune ana ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na roƙi maigidana ya sayo mini littafin a Kano. Ya dube ni ya ce, "Ke da kike neman maganin wuta, sai ki ce a kawo miki garwashi?" Na ce ya dai kawo. Na zaunar da Sa'a, na gaya mata yadda takwararta ta rasu, ban ɓoye mata jinin ba, ban ɓoye mata hanyar ba. Na ba ta labarin Gwaggo da kaskonta, na ga gefen bakinta ya motsa. Sannan na ajiye mata ƙwarya a gaba, na faɗa mata sharaɗin Yaya, na buɗe na ɗaya.

Karatuna ba irin na Yaya ba ne. Ina haɗa baƙi ina tuntuɓe, mabiya Dujal sukan daɗe a tsaye da takubbansu suna jira in ƙarasa kalma. Wani wurin ita take leƙowa ta gyara mini. Inda na gane hadisi ne sai in yi salati, inda na gane tuwon marubuci ne in faɗa mata, inda ban gane ba in ce mu riƙe wa malam. Ba zan ce ta warke ba. Har yanzu tana leƙa gabas. Ni ma uwar, wallahi, akwai shafin da nake ji gabana yana faɗuwa.

Yaya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba, kabarinta ma damina ta daɗe da baje shi. Abin da duniya ta riƙe nata shi ne ƙaryar da Malam mai wasiƙa ya rubuto, kuma ina roƙonsa don Allah ya janye ta, don yana da ranar da zai tsaya shi da ita. Amma gyaɗar da aka ɓara a tsakar gidanta a shekarar nan ta yi kyau, mun ci bayan ranta, babanmu ya ware iri daga ciki. Daga wannan ake warewa duk shekara, bai taɓa yankewa ba, shi ne a buhun da aka aiko mini.

Shekaranjiya muka iso wurin da sama ta riƙe ruwanta. Ina cikin karatu na daina jin ƙarar ɓawo. Na ɗaga kai, na ga hannun Sa'a ya tsaya cak a cikin ƙwarya, idonta ya kawo ruwa. Na rufe littafin na ɗora a cinyata. Can ta sunkuya ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ta matsa ta da yatsa ta fashe, ta jefa ƙwayar a faifai.

Ta ce, "Umma, ci gaba. Ina ɓara."